Kwandon da Ya Biyo Mu a Bakin Kanal

Ina aji huɗu a firamare lokacin. Baba yana noman tumatir na rani tsakanin Kura da Bunkure, ni da yayata muke kai masa abincin rana. Hanya ɗaya ce, ta bakin kanal ɗin ban ruwa, kuma dole a bi ta gindin wata tsamiya da kowa ya san ba a tsayawa a wurinta idan rana ta take.

Ran nan muka makara. Ba kowa a hanya, sai ƙarar ruwa. Daf da tsamiyar muka tarar da ƙaton kwandon tumatir a kife. Muka raɓa shi muka wuce. Sai muka ji tari a bayanmu, irin na tsoho.

"Kada ki waiwaya," in ji Yaya.

Na waiwaya. Kwandon ya matso.

"Yaya, tafiya yake yi!"

Ta damƙe hannuna, muka ƙara sauri. Shi ma ya ƙara, yana jan ƙasa, ƙiii, ƙiii. Muka tsaya, ya tsaya. Yaya, wadda kullum take yi min gorin ta fi ni karatun allo, ta buɗe baki za ta yi addu'ar tsari, sai ga ta tana karanto addu'ar shiga banɗaki.

Can sai ga ƙanin Baba a kan keke, saɓe da fartanya. Muka yi kansa.

"Kawu, aljani a kwando!"

Ya yi dariya, ya sauka, ya ce shi ba yaro ba ne. Saura taku uku ya isa, kwandon ya sake tari, ya zaburo. Kawu ya yi baya da salati, santsi ya kwashe shi, sai cikin kanal, tsulum.

Wata tsohuwa mai tallan fura ce ta iso tana faɗa.

"Ku kauce min, 'yan nan! Tun hantsi nake nemansa."

Ta sa ƙafa ta ture kwandon. Ɗan akuyarta ne, baki duk jan tumatir. Ya shiga cin ragowar tumatirin ƙasan kwandon ne, kwandon ya kife a kansa.

Kawu ya fito yana ɗiga, takalmi ɗaya ya bi ruwa. Ya roƙe mu kada Baba ya ji. Muka yi alkawari. Tsohuwar ce ba ta yi ba, kuma gonar Baba ta nufa da furarta.