Agogon Alhaji Aƙilu Zai Tafi Malesiya

Girar Malam Siddiƙu ta dama ta ɗan fi ta hagu saukowa. Masu wucewa ta Ƙofar Dundaye ba su cika lura ba, amma shekara arba'in da 'yan kai yana maƙala ɗan gilashin gyaran agogo a wannan idon, har fuskar ta saba. Teburinsa na katako yana nan inda yake tun zamanin da ango ba ya shiga ɗaki sai da agogo a hannu. A wancan lokacin, ranar Juma'a layi ake yi a gabansa. Yanzu kowa waya yake dubawa, aikin ya koma canza batir da ɗinke madauri.

Akwai agogo ɗaya da ba ya cikin gilashin teburin. Yana aljihun tebur na ƙasa, naɗe da farin ƙyalle. Na zinare ne, irin wanda ake murza wa kai, kuma kowace safiya shi Malam yake fara murzawa kafin ya taɓa komai.

Na Alhaji Aƙilu ne, mahaucin Gidan Igwai, wanda ya sayo shi a Jidda shekarar da ya sauke farali. Da shi a hannu yake sara, da shi yake awo, don haka duk bayan shekara biyu sai ya kawo shi kitse ya toshe ko'ina.

"Siddiƙu, agogon nan ya fara lalaci," haka yake cewa.

"Ba lalaci ba ne, Alhaji. Ƙiba ce. Kai ka ci, shi ma ya ci."

Kawowar ƙarshe, Alhaji bai dawo karɓa ba, rai ya yi halinsa. Da aka raba gado, agogon ya faɗa wa 'yarsa Ni'imatu, wadda ke koyarwa a wata jami'a a Malesiya. Ta ce Baba Siddiƙu ya riƙe mata har ta dawo. Shekara bakwai ke nan. A bana ta kira, ta ce dawowar ba ta kusa ba, a aiko mata da shi.

Malam ya so ya ba wani matafiyi amana, yadda aka saba. Ni'imatu ta ce a'a, a bi ta kamfanin aika kaya, a yi masa inshora. Malam ya saka sabuwar riga ya hau keke napep.

A ofishin, wata matashiya mai suna Rahma ta juya agogon a tafin hannunta.

"Baba, ina rasit ɗinsa?"

"Rasit? Ɗiyata, lokacin da anka sayi wanga agogo ko uwarki ba ta shiga makaranta ba."

Ta yi dariya, amma ba ta ajiye biro ba. Ta bayyana masa cewa masu inshora ba sa karɓar kaya mai daraja irin wannan sai da shaidar asalinsa da ta mai shi. In babu, ba za su ɗauka ba, kada ya zama na sata.

Kalmar ta soke shi. Shekara bakwai yana tashi da abin nan kamar jinjiri. Ya ga kansa yana komawa da shi, yana gaya wa 'yar amininsa cewa abu ɗaya da ta roƙa ya gagara. Ya miƙa hannu zai naɗe ƙyallensa, sai ya tsaya.

"Share min nan," ya ce.

Ya shimfiɗa ƙyallen a kan kanta, ya maƙala gilashinsa, ya zaro 'yar wuƙar da ba ya rabuwa da ita. Murfin bayan agogon ya buɗe da ɗan sauti. Ya miƙa wa Rahma gilashin.

A cikin murfin akwai rubutun ajami ƙanana kamar ƙafar tururuwa, layi bisa layi. Haka maigidansa ya koya masa: duk agogon da ka buɗe, ka sa allura ka rubuta sunan mai shi da shekara, don wanda zai buɗe bayanka ya san inda aka kwana. A sama an rubuta Aƙilu mai nama. Ƙarƙashinsa shekaru sun jeru, goma sha tara, har zuwa ta rasuwar.

"Wagga ta ukku," ya nuna da bakin wuƙa, "shekarar da anka haifi Ni'imatu ce. Ya jiƙa shi da ruwa wurin wankin ragon suna."

Rahma ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki hoton rubutun da lambar agogon, ta haɗa da takardar rabon gado da Ni'imatu ta turo mai ɗauke da sunan mahaifinta, ta aika wa masu inshora. Sai bayan la'asar amsa ta zo. Sun karɓa.

Kafin a rufe kwalin, Malam ya murza kan agogon har ya cika.

"Baba, kwana shida zai yi a hanya. Zai tsaya fa."

"Na sani. Amma ba a hannuna zai tsaya ba."

A rana ta bakwai wayarsa ta yi ƙara. Ni'imatu ce, ta ce ya iso amma ba ya motsi.

"Murza kan a hankali, ɗiyata. Gaba kawai. In kin ji ya yi tauri, ki bari, kada ki matsa mishi."

Ta murza. Sai ta kara agogon a bakin wayar, ya ji bugun da ya sani, daga can wata duniya.

Washegari da safe hannunsa ya tafi aljihun tebur na ƙasa da kansa. Ƙyallen kawai ya tarar. Ya ninke shi, ya goge gilashin teburin da shi, sannan ya jawo agogon roba na wata mai sayar da awara ya canza masa batir.