Sunan Da Madam Nora Ta Ƙi Faɗa

Laraba: La Courneuve zuwa Gare de Lyon

Ƙarfe biyar da minti goma na ja ƙofar gidana a La Courneuve, gari bai waye ba, sanyin Nuwamba yana yankan kunne. Na shiga jirgin RER B zuwa tashar Gare du Nord, na sauya zuwa metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, shida daidai ina buga ƙararrawar Madam Nora. A falonta na yi sallar asuba, tana daga ɗaki tana mitar cewa ita ba ta ce za ta je ko'ina ba.

Bari in gabatar muku da ita, ku na Damagaram. Tsohuwa ce 'yar ƙasar Irlanda, shekarunta tamanin da huɗu, aure ya kawo ta Paris, mijin ya rasu, ɗanta guda yana Kanada. Ni ce mai kula da ita shekara shida ke nan: wanka, abinci, magani, da jin baƙar magana. Tana da ƙane ɗaya, Kormak, a Bron kusa da Lyon, kuma shekara talatin da ɗaya ba su yi wa juna ko sallama ba. Makon jiya takarda ta zo daga gidan kula da tsofaffi inda yake, cewa jikinsa ya shanye ɓari guda, magana ta kusa ɗaukewa, duk mai son ganinsa ya hanzarta. Madam ta karanta ta tura takardar ƙarƙashin tukunyar fure. Ni kuwa na ciro ta, na kira ɗanta ya amince, na yanki tikiti biyu, yuro arba'in da tara kowanne.

Kada ku ce shisshigi ne. Ni da yayana Mamman mun yi shekara huɗu ba ma magana a kan gidan mahaifinmu na unguwar Birni, ina cewa sai ya fara kirana. Kiran da na samu shi ne na an kai shi makwancinsa. Har yau abin yana ci mini rai, kuma na rantse ba za a sake yin wannan a gabana ina kallo ba.

Taksi ya kai mu tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon bakwai da rabi, yuro goma sha huɗu. A ƙofar shiga jirgi Madam ta kafe, wai ƙafarta na ciwo. Na ce to, ga keken guragu can, in kira a kawo? Ta harare ni ta wuce gaba da sandarta kamar soja. Jakar hannunta ni na riƙe, nauyi kamar an sa dutsen niƙa, don makullin gidan kakanninta na ciki, baƙin ƙarfe mai tsawon tafin hannuna da rabi.

Cikin jirgi

Takwas daidai muka tashi. Mai duba tikiti ya zo bayan minti ashirin, ya duba, ya yi mana fatan sauka lafiya. Na zuba wa Madam shayi daga fulas, na ba ta biredi da zuma, don na san bakinta ba ya buɗewa sai ciki ya ɗauka.

Gidan da ake rigima a kansa ba gida ba ne irin namu. Hasumiya ce ta dutse, hawa huɗu, a bakin wani tafki a yammacin ƙasarsu, da tagogi 'yan sirara na harbi. Kakansu na farko, Donal Baƙi, shi ya gina ta tun ɗaruruwan shekaru. A zamanin na huɗu sojojin Ingila suka ƙwace ta, ya gudo Faransa ya yi aikin soja, sai jikansa ya dawo da ita ta hanyar aure. Akwai wanda ya cinye rabin gonakin a cacar tseren doki, akwai wanda ya buɗe rumbu a shekarun yunwa har shi ma ya rasa na ci. Kowa da laƙabinsa kamar mu, ni ce nake mayar muku da su Hausa.

Suna yara, ubansu yakan sa su hau matakalar hasumiyar suna jero sunayen masu gidan bi da bi: Nora ta faɗi na farko, Kormak ya amsa da na biyu, haka har sama. Wanda ya yi kuskure a koma ƙasa a sake. Kullum da safe ina taje mata kai tana jero su ita kaɗai, har na haddace ba da niyya ba. Goma sha biyu take faɗa, ta tsaya a kan ubansu. Na sha ukun Kormak ne, shi ya gaji gidan, shi kuma ya sayar lokacin da rufi ya rufta ruwa yana zuba har hawa na biyu. Ita tana Paris ta ji, ta je ta ɗauke makullin ta ƙi bayarwa, masu saye suka canza ƙofa. Tun daga ranar sunansa bai sake fita daga bakinta ba, sai dai "wancan".

Abin da ya sa nake gaggawa ke nan: tun bazara ta fara tuntuɓe a jerin. Jiya ma ta maƙale a na bakwai. Shi magana tana barinsa, ita tunani yana barinta, wa zai jira wa?

Muna wuce gonakin inabi ta ce da mun sauka mu nemi jirgin komawa. Na ce, "Madam, tikitin komawa na gobe ne, kuma yana cikin zanina. Mai so sai ya kwance ni." Ta ce ba ta taɓa ganin mace mai taurin kai irina ba. Na ce ai madubi ne ba ta dubawa.

Lyon da Vaulx-en-Velin

Goma da 'yan mintuna muka sauka a tashar Part-Dieu ta Lyon, tafiyar kilomita ɗari huɗu da wani abu cikin awa biyu. Alhaji Isufu, mutumin Maradi mai kasuwancin atamfa, mijin ƙawata Hajiya Zali, yana jiranmu da motarsa. Muka yi gaisuwa tun daga gajiya har mutanen gida, Madam na tsaye tana duba agogo. Na kira gidan tsofaffin, suka ce ana yi wa Kormak gwaje-gwaje, sai gobe ƙarfe goma. Wallahi ban so haka ba, don kwana ɗaya ya ishi Madam ta sake shawara sau goma.

Minti ashirin da biyar muka yi zuwa gidansu a Vaulx-en-Velin, hawa na shida, Allah ya taimake mu na'urar hawa tana aiki. Hajiya Zali ta yi shinkafa da miyar gyaɗa, ta rage yaji saboda baƙuwa. Madam da ke cewa ba ta jin yunwa ta cinye faranti ta ƙara. Alhaji ya tambaye ta labarin gidan, ta ciro makullin ta ɗora a tebur. Ya juya shi a hannu ya ce, "Mama, gidan yana nan tsaye?" Ta ce an ce yana nan. Ya ce to alhamdu lillahi, nasu na Maradi da suka ƙi sayarwa damina uku ta mayar da shi fili. Na ga Madam ta daɗe tana kallon makullin.

Alhamis: Bron

Tara da rabi muka fito, goma saura biyar muna ƙofar gidan tsofaffin. Muka sa hannu a littafin baƙi, muka wanke hannu, wata ma'aikaciya ta kai mu ɗaki na ƙarshe a hawa na biyu. A bakin ƙofa Madam ta ja ta tsaya. Na dafa bayanta na tura a hankali kamar yadda nake shigar da ita wanka.

Kormak yana kan kujera gefen taga, dogo ne ramamme, bakinsa ya karkace. A bango akwai hoton hasumiyar da sabon rufin da masu saye suka yi mata, da hayaƙi yana fita ta sama. Ya dube mu kamar masu kawo magani. Madam ta zauna, ta buɗe baki ta rufe. Har na fara tunanin na jawo tsohuwa wahalar banza.

Sai ta dubi hoton, ta ce, "Donal Baƙi."

Leɓensa ya motsa, da ƙyar, kamar mai ɗaga kaya, ya ce, "Donal Ƙarami."

Ta faɗi na uku, ya amsa da na huɗu. Suka hau a hankali har na shida. A na bakwai ta maƙale, shi kuma yana jira da ido. Na sunkuya na raɗa mata, "Onora Mai Ƙofa." Ta maimaita, ya kama na takwas. Ma'aikaciyar da ta zo fita ta tsaya a ƙofa. Na sha biyu ya faɗo a kansa, ya ambaci ubansu, hawaye na bin gefen da ya shanye.

Saura na sha uku, kuma layin Madam ne. Ta juyo ta dube ni, irin kallon nan na a taimake ta. Na ce, "A'a, Madam. Wannan ba ki manta ba."

Ta mayar da kallonta kansa. Sannan ta kama hannunsa mai lafiyar ta ce, "Kormak, wanda ya mayar da rufi."

Na fita baranda na yi kukana, rabi nasu, rabi na Mamman.

Komawa

Jirgin ƙarfe huɗu muka hau, Hajiya Zali ta cusa mana dambun nama da Madam ta yi ta ci tana cewa ya yi yaji. Shida muna Paris, na kai ta gida, na ba ta magani, takwas saura ina La Courneuve. Sai a matakalar gidanta na lura jakar hannun ba ta da nauyi, ban kuwa tambaya ba.

Kwana tara bayan haka aka kira cewa Kormak ya rasu. Ina godiya ga Allah da ya kai mu a kan lokaci, da Alhaji Isufu da Hajiya Zali da suka sauke mu. Yanzu da safe in ina taje mata kai, ni nake amsa sunayen da Kormak yake amsawa, wani lokaci har nata ma ni nake tuna mata. Na sha ukun ne kawai ba ta taɓa bari in faɗa mata ba.