Rogon Larai da Taswirar Hayaƙi

Larai 'yar Jiwa ce. A can aka haife ta, a can ta yi aure, a can ta binne mijinta. Sana'arta garin rogo: ta jiƙa kwana uku, ta farfasa, ta shanya a kan wani falalen dutse a bayan gari, inda uwarta ma ta yi shanya. Shekara talatin tana haka. Ba ta yi boko ba, amma iska ba ta juyawa ba da saninta ba.

Sai aka kafa masana'antar dafa kwalta ta wajen Karmo. Ba a yi wata biyu ba rogonta ya soma fitowa da ɗigo-ɗigon baƙi. Wata mai saye ta tambaye ta ko masoro take barbaɗawa. Larai ta kai kuka wurin mai unguwa, shi ma ya kai gaba, bayan shekara guda kamfanin ya turo injiniya, wata matashiya mai suna Nabilah, da kwamfuta a jaka.

A gindin mangwaro Nabilah ta yi wa mutane bayani. Ta ce an faɗa wa kwamfutar tsawon bututun hayaƙin, da zafin hayaƙin, da yadda iska ta kaɗa shekara biyar, ita kuma ta lissafa inda zai sauka. Ta nuna taswira: ja wurin da ya fi yawa, kore wurin da babu. Dutsen Larai kore ne shar.

Larai ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya wa ya faɗa wa kwamfutar labarin iska. Nabilah ta ce daga filin jirgi aka ɗauko.

"To, shi kwamfutan ya san iskan filin jirgi," in ji Larai. "Ni a nan nake shanya."

Ta ce da hantsi iska kan bugi tudun da ke yamma ta komo, sai rana ta take ta miƙe. Nabilah ta rubuta, ba don ta yarda ba. Larai ta ce ta dawo jibi da farin ƙyalle.

Ta dawo. Suka shimfiɗa ƙyallen a kan dutsen, suka zauna. Kafin azahar ya yi toka-toka. Nabilah ta koma ofis ta bincika, ta tarar ba a sa tudun a lissafin ba. A wurin kwamfutar Jiwa shimfiɗe take kamar faranti. Da aka sa tudun, aka kafa na'urar auna iska ta wata uku, dutsen ya koma ja a taswirar.

Kamfanin ya ƙara wa bututun tsawo, ya sa matatar hayaƙi. Baƙin ya ragu, bai ƙare ba. A rahoton an ambaci Larai a shafi na arba'in, da sunan "wata mazauniyar yankin". Da aka karanta mata, ta ce ba ƙarya aka yi ba.

Nabilah na zuwa sayen gari har yanzu. Wata rana da damina Larai ta ce mata, "'Yata, tambayi kwamfutan nan naki ko za a yi ruwa ran Alhamis."

Nabilah ta ce wannan ba aikin kwamfutar ba ne, hayaƙi kawai ta sani.

Larai ta ɗaga kai ta dubi gabas, ta ce Laraba za ta kwashe shanyarta.