Ranar da Baba ya yi shela da mataccen harshe

Mahaifina ne mai shelar ƙauyenmu, can kusa da Matankari, zamanin da kumandan Bature ke zaune a Dogon Dutsi. Murya gare shi kamar tsawa, amma da haƙori ya kama shi wata kaka, bayan an gama yankan hatsi, sai ya koma kwanciya ƙarƙashin rumbu yana nishi, kumatu ya kumbura kamar ya ɓoye goruba.

Ana cikin haka gardi, dogarin kumandan, ya iso bisa doki: gobe kumandan zai zo ƙidayar mutane, kowa ya fito da ɗiyansa. Dole Baba ya yi shela.

Kakata, uwar Baba, ta zaunar da ni gaban ƙaramin turmi. Ta zuba kanumfari, da busasshiyar citta, da ɗan jar kanwa, da gawayin bagaruwa. Na daka ina atishawa, ta tankaɗe da tsumma, gari ya fito baƙi mai ƙamshi.

"Ɗan kaɗan za ka ɗiba da yatsa, ka goga wurin," ta ce wa Baba.

"Inna, ciwon nan ba ɗan kaɗan ba ne," in ji Baba. Ya cika tafin hannu ya watsa a baki.

Ya yi tsalle, ya yi hawaye, ya zagaya rumbu da gudu. Can sai ya tsaya cik, ya taɓa kumatu, ya fashe da dariya. Ciwo ya tafi! Ya ɗaga ni sama, ya taka wa kaka rawa, ya saɓa ganga ya fita. Kaka na kiransa ya kurkure baki, ko waiwaye bai yi ba. Na bi shi.

Ashe harshen ma ya mutu tare da ciwon. Ya tsaya bakin rijiya, leɓɓa baƙi ƙirin, miyau na zuba, ya buga ganga ya kwarara: "Gobe kumandan na tahe! Kowa shi hito da giya tai!"

Ɗiya yake nufi, harshe ya ƙi. Mata suka saki guga suna riƙe ciki. Ya maimaita, ya ƙara lalacewa. Ni har na zauna cikin laka don dariya.

Yawancin mutane sun gane. Amma tsofaffin unguwar arewa, masu dafa giya, sun ce sun ji da kunnensu, kuma ba sa saɓa umarnin Bature. Washegari suka jeru da tuluna, kumfa na tashi. Tafinta ya yi ta kame-kame kafin ya bayyana wa kumandan yadda aka yi. Baturen ya dubi Baba, ya dubi tulunan, ya cire hula ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa.

Tulunan dai ba su koma gida da nauyi ba. Da la'asar sai da mutum biyu suka ɗora gardi bisa dokinsa.