Ƙofar da Muka Juya Saboda Umda

Shekarar da aka kawo famfo lungunmu na Jarwal, wato bayan ruwan nan da ya tafi da akuyar maƙwabciyarmu, kafin in yaye 'yata ta biyu, a lokacin ne maigidana ya toshe ƙofar gidanmu ya fasa wata ta baya.

Dalili kuwa kwata ce. Wata 'yar kwata ta ratsa lungun, ita ce iyakar umda biyu. Umda shi ne mai unguwa a nan Makka, aikinsa ya ce "na san wane." In bai faɗa ba, ko makaranta ba a karɓar ɗanka. Ƙofarmu tana duban ɓangaren umdan gangare, bangon bayanmu yana na umdan tudu. In mun je gangare sai a ce jikin gidan na tudu ne. In mun hau tudu sai a ce ai ƙofa ake bi.

Umdan tudu uwarsa Bakatsiniya ce, yana jin Hausa. Maigida ya ce, "To tunda ƙofa ake bi, bari in ba shi ƙofa." Surukata tana zaune tana tsince shinkafa ta ce, "Ɗan nan, ka juya gida kamar waina, mu ga ko zai nuna."

Ya nuna kuwa. Umdan tudu ya zo da kansa, ya shiga ta sabuwar ƙofa, ya sha shayi, ya ce ya san mu. 'Yata ta fari ta shiga makaranta.

Ba a jima ba baladiyya, wato hukumar gari, ta rufe kwatar, aka sake yanka unguwa, muka faɗa hannun wani umda na uku. Maigida ya dubi bango ya ce shi kam ya gama fasawa.

Yanzu otal ne a wurin. Ina zaune a unguwar Mansur wajen 'yata ta fari, a hawa na sama, gwiwa ba ta barina in sauka. Umdan nan yaro ne mai ladabi, amma ya ce kafin ya shaide ni sai na kawo wanda ya san ni a Jarwal. Ni da aka haifa a gindin dutsen Jarwal, wai a san ni.

Waɗanda suka shiga gidanmu ta ƙofa biyun, saura mutum biyu: telan lungunmu, wanda ya kurmance, da ƙanwar maigida a unguwar Shisha. Ita kuwa bara da na je gaishe ta, ta riƙe hannuna ta tambaye ni 'yar gidan wa ce.