Albasar da ta rufe mini hannun hagu

Shekarun baya, lokacin ina ji da ƙarfi, na bar Argungu na koma Birnin Kebbi wajen abokina a Badariya, wai zan koyi damben zamani. Mu gidan mahauta ne, dambe gadonmu ne, don haka na shiga wurin horo ina taƙama kamar ni zan koya musu.

A dambenmu hannun dama ake naɗewa da kara, shi ke duka. Hagu kuwa garkuwa ce, a buɗe take, tarewa kawai take yi. Haka mahaifina ya koya mini tun ina ƙarami. Shi kuma mai horar da mu ya nace sai na iya naushin hagu mai tasowa daga ƙasa ya sami haɓa. In ɗan durƙusa, in murɗa ƙugu, in taso da shi. Duk ina yi daidai, amma da hannun ya tashi sai ya buɗe da kansa, kamar mai roƙon ruwa.

Rannan ya gaji ya ce, "Kai ɗan Argungu, mi kaka yi haka? Gaisuwa kaka kai ma abokin karawa? In ba ka rufe hannun ga ba, ba ni sa ka cikin masu zuwa gasa."

Hankalina ya tashi ƙwarai, don na riga na cika baki a gida.

Abokina ne ya kawo dabara. Ya ɗauko ƙaramar albasa ya danƙa mini a hagu, ya ce in ta faɗi ni zan yi wanke-wanke. Na dinga naushin iska ina matse ta kusa da fuska har ta fashe, hawaye na zuba. Maƙwabta suka ɗauka rasuwa aka yi mana. Na ɓarnatar da albasa ba kaɗan ba, amma hannu ya rufu.

Ranar zaɓen masu zuwa gasa, ashe mahaifina ya biyo mota ya zo bai faɗa mini ba. Abokin karawata ya matso ya sunkuyar da kai, hagu ta tashi a dunƙule, sai ga shi zaune a ƙasa. Aka sa sunana.

Da muka fito na durƙusa na gaida mahaifina. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Wanga ba dambe ba na," in ji shi. Sai ya shafa haɓarsa. "Amma da na san garkuwa na cizo, da ɗan damben Augie bai kada ni ba."

Ban taɓa jin ya amsa cewa an kayar da shi ba sai ranar. Gasar ma ban kai ko'ina ba, amma wannan maganar ta fi mini kofi daɗi. Har yau in matata na yanka albasa, sai in ga haguna ta dunƙule, in tuna tsohon. Allah Ya jiƙansa.