Ranar da Rage-Mini Bai Nemi Ragi Ba

A layin masu gilashi babu wanda ya riƙe sunansa na gaskiya. Rage-Mini ake ce masa, babba da yaro, kuma matarsa ce ta laƙa masa sunan tun suna da ƙuruciya, ranar da ta ji shi yana neman ragi a wurin mai gyaran takalmi bayan an riga an gama ɗinkin. Abokan sana'arsa sukan ce ko gaisuwa ka yi masa mai tsawo sai ya ce ka rage. Shi dai bai taɓa yarda cewa maƙo ke gare shi ba, tanadi yake kiransa. Guntayen gilashin da wasu ke zubarwa yakan kwashe su ya jera a bayan shago daidai tsawonsu, kuma da su ya yi wa rabin unguwa tagar banɗaki. Aikinsa kuwa ba a kushe shi. Zai ɗora ma'auni, ya ja wuƙar yanka sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa da yatsa, sai gilashi ya rabu kamar da ma can biyu ne. Da wannan hannu da tanadin da ake yi masa dariya a kai ya yi wa 'ya'yansa karatu, ya rufa ɗaki biyu da falo.

Matar tasa, wadda gida da maƙwabta ke kira Inna, ita ce bakin gidan. Tun safe take fara tsokanarsa, ba ta sauke shi sai ya fita, shi kuma ya tafi yana gunaguni yana jin daɗi. Sai ga shi wata rana ta faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Likita ya ce za ta iya magana in ta dage. Ta gwada sau da dama, kalmomin suna fita a karkace, masu zuwa dubiya suna ta "me kika ce?", sai ta ji kunya ta ja bakinta ta rufe. Rage-Mini ya sha mamakin kansa, domin bai taɓa zaton zai wayi gari yana kewar a zage shi ba.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aure a wani gari mai nisa, ta zo ta ga mahaifiyarta zaune tana kallon bango tun safe har yamma. Ba ta ɓoye masa ba, ta ce da ta sami hutu a wurin aiki za ta zo ta tafi da ita. Ta ce shi yana shago, gida ba kowa, ga shi ba ya iya sakin kuɗi a ɗauko mai kula da ita, to ciwo zai kashe ta ko kaɗaici? Gaskiya ta faɗa. Amma ya san in Inna ta hau motar nan ba dawowa za ta yi ba, shi kuma bai san yadda ake zama a gidan nan ba tare da ita ba.

A ɗakin jira na asibitin da ake yi mata gashin ƙashi akwai wani akwatin gilashi cike da ruwa, da wasu ƙananan kifaye masu ruwan lemo da ratsin fari. Wata rana yana gyara mata mayafi sai ya ga idonta yana bin ɗaya daga cikinsu. Kifin ya shige ramin dutse, ta jira shi, da ya leƙo sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna shi, har wani ɗan sauti ya fito daga maƙogwaronta mai kama da dariya. Ya tashi ya je ya auna akwatin da taƙin hannunsa, ya duba kaurin gilashin, ya ce a ransa wannan ai gilashi biyar ne da gam. Mai shara ce ta gaya masa cewa kifin teku ne, ta kuma kwatanta masa shagon da ake sayar da su.

Mai shagon wata mata ce doguwa mai tabarau, ga haƙuri kamar ƙasa. Ya gaya mata yana son kifi biyu irin na asibiti, a ƙulla masa a leda, gida akwai ruwan famfo, gishiri kuma akwai rabin buhu a kicin. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Baba, kiwon su za ka yi ko miya?"

Daga nan idonsa ya fara raina fata. Gishirin girki ba ya yi, sai wani na musamman da aka haɗa don ya yi daidai da na teku. Ruwan famfo ba ya yi, sai tacacce. Gishirin ma ba da ido ake zubawa ba, ba kuma da harshe ake ɗanɗanawa ba, akwai ma'auninsa. Ana bukatar ƙaramin inji mai kaɗa ruwa don kada ya kwanta, da abin ɗumama shi, da fitila, da matata. Duk wannan ya daure, sai da ta tsamo wani ƙazamin dutse mai ramuka daga cikin baho ta ce masa wannan dutse mai rai ne, kuma da nauyinsa ake sayarwa. Shi da ya tsufa yana ture duwatsu da ƙafa a hanya, yau an ce ya sayi ɗaya, wai har rai gare shi. Ta yi masa bayani cewa a ramukan akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne ke cinye ƙazantar kifi, in babu su ruwan zai zama guba. Sannan ta ƙara masa da wadda ta fi zafi: ko ya haɗa komai, sai akwatin ya yi makonni yana aiki babu kifi ko ɗaya, har ƙwayoyin su yaɗu.

Ya nemi kujera ya zauna. Da ya gaya mata dalilin zuwansa, sai ta daina murmushi ta jawo tata kujerar. Ta ce akwai inda za a rage, akwai inda ba a taɓawa. Inji da abin ɗumama ruwa tana da na hannu, wani ne ya gaji da kiwon ya dawo da su. Fitila ƙarama ta isa tunda kifi kawai yake so. Babbar na'urar tace kumfa da ake tallata wa masu hali ya bar ta, in dai zai riƙa canja wani kaso na ruwan a kai a kai. Duwatsu ya sayi busassu masu araha, ya sa guda ɗaya mai rai a tsakiyarsu ya raya sauran. Amma gishiri da ma'auninsa, ta ce, ko kuka zai yi ba za ta ba shi na banza ba. Ya nemi ragi a kan kowane abu ɗaya bayan ɗaya, har kan ledar da za a zuba masa kayan. Da aka zo kan akwatin kuwa ya ɗaga mata hannu, ya ce wannan gidansu ne, ba a koya wa ɗan kifi iyo.

Ya zaɓo gilashi mai kauri daga ajiyarsa, ya yanka, ya goge bakin har ya yi santsi. Saura gam. Ya je wurin dillalin da ya saba saye, ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne kyau, irin wanda yake sa wa manyan gidaje a banɗaki da kicin in mai gida ya ce kuɗi ba matsala ba ne. Dillali ya faɗi kuɗi ya gyara tsayuwa yana jiran yaƙi. Rage-Mini ya zaro ya biya ya juya. Mutumin ya saki baki, har ya bi shi bakin ƙofa yana tambayarsa ko lafiya. Kafin yamma labari ya zagaye layin, wasu suka ce ƙarya ne. Shi kuwa abin da ke ransa guda ne: ruwa mai nauyi haka zai zauna kusa da gadon Inna, ba zai haɗa shi da kayan araha ba.

Aka kafa akwati a kan teburin ƙarfe daidai inda idonta ke sauka. Makonni suka yi ta tafiya, inji yana ɗan gurnani, ruwa yana kaɗawa, ba komai ciki sai duwatsu. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna cewa Rage-Mini ya fara kiwon ruwa. Wani ya ce an ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ga shi an jiƙa, saura a hura wuta. Inna dai ta daina kallon bango, ta koma kallon akwati, kuma shi wannan ya ishe shi. Ya fara sa dodon koɗi guda uku kamar yadda mai shagon ta ce. Suka manne a kusurwa, bayan 'yan kwanaki suka faɗo ba motsi. Ya ɗauka wahalar hanya ce, bai gaya wa kowa ba, don hutun Auta ya matso.

Ranar da ya saki kifayen biyu a ciki, Inna ta yi ta buga katifa da hannunta mai lafiya. Ta ci abinci ba tare da lallashi ba. Ya zauna a gefenta yana jin kamar an sauke masa dutse daga ƙirji.

Auta ta iso wata safiya da mota da jakar da za ta zuba kayan mahaifiyarta. Ta tarar da mahaifinta tsaye gaban akwatin kamar an dasa shi. Kifi ɗaya yana kwance a kan yashi, cikinsa a sama. Ɗayan yana can saman ruwa yana haki, launinsa ya koɗe. Inna kuwa ta mai da fuskarta bango.

Auta ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi masa ciwo. Ta ce ta san za a rina, inji na hannu, duwatsun araha, ko gishirin ma wa ya sani. Ta ce ya sa wa baiwar Allah rai a kan abu, sannan maƙonsa ya kashe shi a gaban idonta. Ta fara ninke zannuwa tana sawa a jaka. Ya kira mai shagon a waya da muryar da shi kansa bai gane ta ba.

Matar ta zo da bokitin ruwanta, ta fara tsame kifin da ya rage. Ta auna gishiri, daidai. Ta duba ɗumi, daidai. Ta ɗiga magungunan gwajinta a ƙananan kwalabe, babu abin da ya nuna. Inji na aiki lafiya lau. Ta ce wa Auta duk abin da aka rage ba shi da laifi. Sai ta durƙusa ta bi kusurwoyin akwatin da ido, ta ce abu ɗaya ke ba ta mamaki: akwatin da ya daɗe haka ya kamata a ga gansakuka ta fara kama gefensa, amma nan gam ɗin fes yake kamar jiya aka shafa. Ta tambaye shi wane iri ya sa.

Nan ya ɗan sami bakin magana. Ya ce a nan kam ba a kama shi da rowa ba, wanda ya fi tsada ya saya, ko ragi bai nema ba. Sai ya ɗora da maganar da ya saba yi wa masu gidaje shekara da shekaru.

"Wannan gam da magani a cikinsa, 'yata. Ko shekara nawa zai yi a cikin danshi, fumfuna ba ta kama shi. Ba abin da ke rayuwa a jikin..."

Bai ƙarasa ba. Ya ji maganar da kunnensa, ya dubi kusurwar da dodon koɗin suka manne, ya dubi kifin da ke kan yashi. Ya zauna a ƙasa. Mai shagon ta ce a hankali cewa na akwatin kifi shi ne wanda ba a sa masa komai ba, irin mai arahar nan da ke cike da shagonsa. Ta ce sai an zubar da ruwan, a kankare gam ɗin kakaf, a sake haɗawa, a sake duwatsu, a sake jiran makonnin nan daga farko. Kifin da ya rage za ta riƙe masa shi har ya warke.

Sai aka ji gado yana motsi. Auta ta ruga tana zaton wani abu ne ya taso wa mahaifiyarta, ashe dariya take yi, da rabin baki, hawaye na zuba ta gefe ɗaya. Ta juyo daga bango ta nuna mijinta da yatsa. Kalmomin suka fito a karkace, a hankali, amma babu wanda ya ce "me kika ce?"

"Sau ɗaya... ka sayi... mai tsada."

Auta ta toshe baki da zanen da ke hannunta. Tun ranar da aka dawo da Inna daga asibiti ba ta ji jimla guda daga bakinta ba. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ki tashi in shirya ki, mota na jira."

Inna ta girgiza kai, ta mai da yatsan kan akwatin.

"Sai... kifi... ya dawo."

Auta ta daɗe a durƙushe. Daga baya ta miƙe ta fara fitar da zannuwan daga jaka tana mayarwa cikin durowa, tana cewa za ta nemo mai zama da Inna da rana, kuma shi zai biya, ba ragi. Rage-Mini ya gyaɗa kai. Ya share fuskarsa da hannun riga, ya ɗauko reza daga aljihu, ya tambayi mai shagon ta wace kusurwa zai fara.